Garwashin Inna Tasallah

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya rataye gajimare, ya kuma ba 'yan Adam baki suka yi ta gardama a tsakanin biyun. Ku gyara zama, ku da kuka tambaye ni abin da ya cinye mini dugadugai tun ban ajiye gemu ba. Ni ne Korau ɗan Tasallah, mutumin Gangarawa ta ƙasar Bayan-Gishiri. Zan ba ku labarin, amma a hankali, don tafiyar doguwa ce.

A ƙasarmu babu dutsen ƙyastu. Wutar da ke kowane murhu gadonta aka yi daga kakanni, in ta gidanka ta mutu sai ka ɗauki tsingaro ka shiga maƙwabta a zuba maka garwashi. Ba a hana kowa, sai gidan wanda aradu ta kashe. Mutanenmu sun ce aradu ba ta kuskure, ɓarawo take nema da mai rantsuwar ƙarya. Saboda haka gidan da ta taɓa, ba a ɗibar wutarsa, ba a kuma ba shi wuta. Ranar da murhunsa ya mutu, sai a ce gidan ya mutu, a kori na ciki su bi daji.

Ina can makarantar Soron Taurari ina haɗiyar lissafi da ilimin falaki, aradu ta faɗa wa yayana Shekarau, wanda ake kira Dogo don sai ya sunkuya yake shiga kowane zaure. A kan rumbun maƙwabcinmu Baba Arzika aka same shi, hadari na tasowa. Me ya hau yi? Gari ya ce hatsi ya je sata. Baba Arzika bai ce e ba, bai ce a'a ba. Matar Dogo ta koma gidan iyayenta, aka bar mahaifiyarmu ita kaɗai da murhu.

Na dawo da sabon rawani, kaina cike da hujjoji har suna ture juna. Ban ko kwance kaya ba na nufi gindin rimin da dattawa ke zama, na yi wa shugabansu, Wakili Bagudu, bayani tun hantsi har inuwa ta juya. Ya bar ni na gama, sannan ya ce:

"Ɗan nan, ka yi karatu, mun ji. Amma abu biyu ne. In duniya da tsari take, yayanka ɓarawo ne. In kuwa babu tsari, to gobe ni ma tana iya faɗo mini ina tsaka da alwala. Kai a ganinka wanne za mu zaɓa mu iya barci?"

Bai jira amsata ba. Ya ce, "Ka je inda aradu take da gida, ka zo mana da shaida. Kafin nan, doka tana nan."

Da na gaya wa Inna zan tafi, ba ta ɗago ba, tana tura kara cikin murhu. Ta ce, "Zan riƙe wutar nan iyakar ƙarfina. Amma bayana ya fara ciwo, Korau, itace kuma sai an je nesa. Kada ka daɗe."

Na ce mata kafin kaka zan dawo. Ban san abin da nake faɗi ba.

Na keta Tafkin Gishiri, inda ƙasa ke ƙyalli har ido ya yi ruwa, na bi ayarin masu kanwa, na rabu da su, na isa Birnin Ma'auni. Ban taɓa ganin gari kamarsa ba. Gidajensu tsawo ɗaya, ƙofofi na kallon juna, itatuwa an aske su kai ɗaya kamar 'yan biyu. Jakuna ma bi da bi suke kuka, in na gabas ya gama na yamma ya ɗauka. Kowa ya naɗe fuska da amawali har ƙarƙashin ido, kowa na tafiya a miƙe. Na ce a raina, lalle a nan aka san tsarin duniya.

Ina kwance takalmi a bakin kasuwa kunama ta harbe ni. Na yi ƙara. Kasuwa ta yi tsit, kafin in gama murza wurin dogarai sun riƙe ni ta ko'ina. Ashe a birnin nan duk wanda masifa ta taɓa, mai laifi ne, aikin shari'a kawai a gano laifin.

Aka gurfanar da ni. Alƙali ya ce, "Baƙo, kunama ba ta harbin banza. Me ka aikata?"

Na ce, "Allah gafarta malam, takalmi na cire."

"Wannan shi ne yadda ta same ka. Dalilin da ya sa ta neme ka muke tambaya. Ka ci amanar maraya? Ka rage mudu? Za a sa ka a rami har ka tuna."

Ƙafata na zogi, amma hancina na aiki. Ƙanshin kanumfari ne ke tashi daga wajen alƙalin, na kuma lura da gefen baki ɗaya yake magana. Na sunkuyar da kai na ce, "Na tuna, ranka ya daɗe, zan kuwa faɗa. Sai dai a garinmu ba a amsa laifi ga rufaffiyar fuska. A sauke amawali, yanzu a ji komai."

Ya ce babu wannan a dokarsu. Amma jama'a na ƙishirwar jin laifina, suka fara gunaguni, har na kusa da shi ya sa hannu ya janye masa. Sai ga kunci ya kumbura kamar ƙwan jimina. Ciwon haƙori ne yake ɓoyewa, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Aka ce a kama alƙali a binciki laifinsa. Mataimakinsa ya taso zai hau buzu, ya kasa zama saboda maruru. Aka kama shi. Wanda ya kama shi tari ya kufce masa. Kafin a jima kowa ya riƙe rigar wani yana fizgar amawalinsa, ƙuraje da makero da miki suna ta fitowa sarari. Gari guda na marasa lafiya, kowa ya shekara yana cije leɓe.

Wani ya ja ni ta ƙaramar ƙofa. Barmo ne sunansa, mai riƙe wa kotu ma'auni, dattijo siriri. Da muka fita bayan ganuwa na gaya masa inda na nufa, shi kuma ya cire takalminsa na hagu, na ga an yi masa ɗori da katako. Ƙafar gajera ce tun haihuwa.

Na ce, "Baba, ka ga dai ƙaryar mutanenku ta ƙare."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Wace ƙarya? Ƙafar nan laifina ce. Ban dai gano wane laifi ba ne, tun ina yaro nake nema. In za ka gidan aradu, zan bi ka, ko a can a faɗa mini."

Haka na samu abokin tafiya, ban roƙa ba.

Damina ta wuce mu a hanya, rani ya same mu a hanya. Duk inda na ga hayaƙi na tashi daga wani gida sai in kau da kai. Daga ƙarshe muka gangara Gulbin Juyau, ruwan da ba a hango gaɓarsa. Mutanen wurin a kan tsibiran ciyawa suke zaune, tsibiran kuwa yawo suke yi yadda iska ta ga dama, mutum ya kwanta da maƙwabci ya tashi da wani. Ba sa shawara, ba sa shari'a. Kowa na rataye da sakaina a wuya, in abu ya taso sai a wurga ta sama, a duba ko ta faɗi a kife ko rigingine. Da haka ake aure, da haka ake saki, da haka ake sanin ko yau za a ɗora tukunya.

Wata mai fito ce ta ɗauke mu, Kyauta, mace mai faɗin kafaɗa da kaifin harshe. Na ba ta labarin Dogo tana tuƙi. Ta ce, "To ina abin wahala a nan? Ba ɓarawo ba ne. Haka ta faɗo."

Wallahi sai da na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Na ce a raina ga shaidata na samu. Da muka sauka na sake ba mutanen tsibirin labarin, na fara gaya musu irin kirkin Dogo, yadda yake ɗaukar wa tsofaffi dami. Wani ya yi hamma ya ce, "Ɓarawo ko waliyyi, duk ɗaya ne, samari. Abu ya faɗo, ya samu wani abu." Babu wanda ya tambayi sunansa. A Gangarawa aƙalla sun tsane shi. Nan ko tsanar bai samu ba.

Sannan aka ce mana al'adarsu ga baƙo: zai zaɓi fuska ɗaya ta sakaina, a wurga. In ta faɗo yadda ya ce, a ba shi tuwo. In ta saɓa, a kai shi tudun yashin da kadoji ke shan hantsi. Na roƙi a bar ni in huta tukuna, na zauna a kasuwarsu ina kallon masu wurgawa. Ban daɗe ba na ga abin da su ba su taɓa damuwa su duba ba. Sakaina bayanta ya fi nauyi, ta fi yawan faɗuwa rigingine. Ba kullum ba, amma ta fi yawa.

Aka tara jama'a. Barmo ya ce shi ba ya caca, a ba shi abin da ya cancance shi. Na taka masa lafiyayyar ƙafar na ce, "Rigingine, ni da shi duka." Sakainar ta tashi, ta sauko a gefenta, ta yi ta gangarawa tana rawa, sannan ta kwanta cikinta na kallon sama. Na ci tuwon nan ban ji ɗanɗanonsa ba.

Da la'asar na sami Kyauta a bayan ciyayi tana cusa danƙo a tsagar kwalekwalenta. A wurinsu wannan babban abin kunya ne, don ba a gyara sai sakaina ta ce a gyara. Wata mata ta riga ta gaya mini cewa 'yar Kyauta ruwa ne ya ci ta, a jirgin da sakaina ta ce kada a liƙe.

Na ce, "Gwaggo, in komai haka yake faɗowa, danƙon na mene ne?"

Ba ta kalle ni ba. "Hannuna ne ba ya son zama. Kai kuma bakinka. In ka gama leƙe, kira gurgun naka ku shiga, an gan ni, yanzu za a wurga a kaina."

Ta tsallakar da mu, ta ja jirgin kan tudu, ta tsaya tana kallon ruwa. Can ta ɗaure zane ta bi bayanmu.

Daga nan ne wahalar gaskiya ta fara. Na sha ƙishirwa, na kwana da yunwa, amma babu abin da ya gajiyar da ni kamar bakin mutanen nan biyu. Barmo ya tsinci saƙar zuma ya ɗaga. "Dubi nan, uwar caca. Kowane ɗaki kusurwa shida, babu wanda ya fi wani. Sakaina ce ta gina?"

Kudan zuma ya harbe shi a fatar ido. Kyauta ta yi dariya har da riƙe ciki. "To malam ma'auni, wannan kuma na wane laifi ne?"

"Na ɗaukar abin da ba nawa ba. Kin ga tsari ke nan."

"Ni da na shanye zumar fa?"

"Naki na tafe."

"Tun ina budurwa ake ce mini yana tafe. Ko shi ma ƙafarsa ɗaya gajera ce?"

Ya nuna mata zangarniyar gero da jerin ƙwayoyinta, ta nuna masa tsutsar da ke ciki. Ya ce rana ba ta taɓa fitowa daga yamma ba, ta ce 'yarta ma ba ta taɓa yi wa kowa rashin kunya ba. Haka suke yi kullum. Da farko nakan sa baki, in jawo musu abin da na karanta. Daga baya na daina. Na koma lissafin abu ɗaya, wato ko dami nawa na itace tsohuwa mai ciwon baya za ta iya ɗauka kafin ta kasa.

Muka isa Faƙon Aradu da farkon wata daminar. Fili ne shimfiɗaɗɗe, yashinsa ya narke ya daskare yana ƙara a ƙarƙashin ƙafa kamar fasasshiyar kwalba. Babu itace ko ɗaya a tsaye, sai kututture baƙi nan da can. Mazauna bakin filin a ramuka suke gidajensu, a duƙe suke tafiya, awakinsu duk an yanke musu ƙaho. Ba mu jin harshensu, su ma ba su jin namu. Suka dai yi ta nuna mana ƙasa da hannu.

Na zaci zan sami fada, ko maƙera, ko wani mai gadin aradu da zan yi wa tambaya. Babu kowa. Sama ce kawai, da azahar ta haɗe ta yi baƙi, ta fara sauke wuta. Muna tsakiyar fili abin ya same mu. Na ga aradu ta faɗa kan wani kututture da ya riga ya ƙone. Ta faɗa kan suri. Ta tsallake kwari ta faɗa kan dutsen da ya fi 'yan'uwansa tsawo, ta sake komawa kan dutsen nan. Kututture bai yi sata ba, suri bai yi rantsuwa ba. Sai na tuna awaki marasa ƙaho, na tuna mutumin da sai ya sunkuya yake shiga zaure, a tsaye a kan rumbu.

Na ce, "Ku kwanta."

Barmo ya miƙe ƙirji. "Ni a tsaye zan tafi. In ina da laifin da ya kai, ta same ni, in huta da nema."

Kyauta ta ce, "Ni ma a tsaye. Kwance da tsaye duk ɗaya ne, inda ta faɗo ta faɗo."

Tun da muka haɗu, ranar ce kawai bakinsu ya zo ɗaya, kuma a kan abin da zai kashe su. Na kafa sandata mai kan ƙarfe a kan wani tudu, na dawo da gudu na kwashe ƙafar Barmo, na ja zanen Kyauta, muka zube cikin wani kwari tana zagina. Ba ta rufe baki ba duniya ta yi fari. Da na iya buɗe ido, sandar ta tsage biyu tana hayaƙi.

Muka daɗe a kwance cikin laka. Barmo ne ya fara magana. "Ka ga, tana da doka."

Kyauta ta tofar da yashi. "Doka ce da ba ta san sunan kowa ba."

Na ce su yi wa Allah su yi shiru, mu tafi gida.

Ban san damina nawa ta wuce ba kafin na sake hango rimin Gangarawa. Ban kalli rimin ba, bayansa na kalla. Wani siririn hayaƙi na tashi daga gidanmu. Na zauna a gefen hanya ina kallonsa.

Inna ta rankwafe, girarta ta ƙone, tafin hannunta ya yi kanta. Babu ƙyaure a ɗakinta, babu gadon Dogo, babu turmi. Duk sun shiga murhu a lokutan da ta kasa zuwa daji. Ta koyi binne garwashi cikin toka a tsohuwar tukunya, ta rataye ta a ragaya, ta rufe da kasko mai huda. Ta shafa fuskata ta ce, "Kakar taku ta makaranta doguwa ce."

Kyauta ta dubi tukunyar, ta dube ni. "Ka zaga duniya, ka wuce kasuwanni, ba ka sayo wa tsohuwa ko ƙyastu ba. Gurgu ka kawo mata da ni."

Gaskiyarta. Tunanin bai taɓa zo mini ba.

Washegari na tara gari. Na kafa doguwar gora a filin bayan gari, na ɗaura mata ruwan fartanya a ka. Na ce musu aradu tsawo take bi, ba laifi ba. Don su tabbata, na ɗaga murya na rantse da aradu cewa ban taɓa shan ruwa ba tun da aka haife ni. Mata suka toshe kunne. Na ce, "Ga maƙaryaci zai tsuguna a kwari, ga gora da ba ta yi wa kowa komai ba. Ku zuba ido."

Suka zuba. Duk hadarin da ya taso sai in je in tsuguna a kwari, ruwa ya yi mini duka, in dawo ina rawar sanyi. Aradu ta faɗa can dajin gabas, ta faɗa bayan tafki, ba ta ko kalli gorata ba. Yara suka sa mini waƙa. Wakili Bagudu ya ce, "Gorarka ba ta yi sata ba, ɗan nan, don me za a taɓa ta? Kai kuma wataƙila ana jira ka ƙara girma." Barmo ya ce lokacinta ne bai yi ba. Kyauta ta ce ai ga shi nan, ko dokar tawa sai ta ga dama take bi. Ni dai na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Inna kuma tari ya kama ta, na fara tunanin inda zan kai ta in aka kore mu.

Sai marka ta sauka, irin wadda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Iska ta kwashe jinkaye, ruwa ya bi ta sama ya ɓullo ta ƙasa, ya shiga ɗakuna har gwiwa, ya ƙi tsayawa. Ɗakin Inna ya yi ta yoyo. Ni da Barmo da Kyauta muka riƙe tabarma a kan ragayar nan har hannuwanmu suka mutu, Inna na tsaye cikin ruwa tana ciyar da tukunyar da guntayen muciyarta, tana hura mata a hankali kamar mai lallashin jariri.

Da gari ya waye aka ɗauke ruwan, na fita ƙofar gida. Duk faɗin Gangarawa babu hayaƙi, sai a kan ɗaki ɗaya. Mutanen da suka saba in ta mutu a shiga maƙwabta, babu wanda ya taɓa koyon tsare ta.

Hantsi ya yi, yara na kukan yunwa, masu jego na rawar ɗari. Suka fara taruwa nesa da ƙofarmu, kowa da tsingaro a hannu, kowa na kallon ƙasa. Na hango Wakili Bagudu ya ɓoye nasa cikin hannun riga. Babu wanda ya matso.

Baba Arzika ne ya keto su, yana dogara sanda. Ya tsaya a bakin ɗakin da babu ƙyaure, ya yi sallama. Inna ta amsa daga zaune.

Ya ce, "Tasallah, jikata na kwance, jikinta ya yi sanyi."

"Allah ya ba ta lafiya. Amma wutar gidan ɓarayi ce fa, Arzika."

Ya daɗe yana juya tsingaron. Da ya yi magana, bai rage murya ba, har na bayan taro suka ji.

"Jinkar rumbuna iska ta ɗauke ran nan. Da aka sauko da ɗanki na hau na duba, na tarar an mayar da ita, an ɗaure da sabuwar igiya, irin ƙullin da yake yi wa dami. Ko zangarniya ɗaya ba ta ɓata ba."

Inna ta ce, "Ka gani tun ran nan."

"Na gani. Na ce in yaron nan bai yi komai ba ta kashe shi, to ni me zai tsare ni? Sai na ja bakina."

"Faɗi sunansa."

"Shekarau."

"Ƙara faɗa, Wakili kunnensa ya yi nauyi."

Ya juya ya fuskanci jama'a ya sake faɗa. Wakili Bagudu ya zaro tsingaronsa daga hannun riga, ya zo ya tsaya a bayan Baba Arzika. Sauran suka bi sahu.

Inna ta sa na sauke mata tukunyar. Ta buɗe kaskon, ta ture toka da yatsa, ta ɗauko garwashi da hannunta, don fatar ta daina jin zafi, ta ɗora wa Baba Arzika. Ta ce, "Rufe da tafinka, akwai iska."

A bayana na ji an fara. Barmo na cewa, "Kin gani? Hana ta wuta da aka yi shi ya koya mata tsare ta, ruwan kuma aiko shi aka yi. Komai a kan ma'auni."

Kyauta ta ce, "Aiko shi aka yi ya rushe ɗakunan marayu don a wanke mutum ɗaya? Da tabarmar nan ta kufce mana fa?"

"Ai ba ta kufce ba."

"Don na riƙe ne, kai hannunka rawa yake."

Suka juyo gare ni wai in raba su, tun da ni ne mai karatu. Na ce musu Wanda ya san amsar bai aiko ni da ita ba, abin da na gani da idona na riga na faɗa. Na jingina da bango na miƙe ƙafafuna, ina kallon hayaƙi na tashi gida bayan gida.

Gorar tana nan a filin bayan gari har yau, babu abin da ya taɓa ta, mata na ɗaura igiyar shanya a jikinta. Iyakar abin da ƙafata ta taka ke nan, iyakar abin da bakina zai iya. Wanda zai tashi a cikinku ya tura wancan karan cikin murhu, ya fara cinyewa.